Wa Ya Ba Ka Izinin Wasan? Darasi a Kan Raha a Gaban Taro

Duk wanda ya taɓa miƙewa a gaban jama'a domin ya yi magana ya san nauyin mintoci biyun farko. Idanu sun zubo maka, wasu suna gyara zama, wasu ba su gama hirarsu ba, kai kuwa maƙogwaro ya bushe. A irin wannan lokaci ne yawancinmu muke lalubo ɗan labarin ban dariya mu jefa, da begen taro zai saki jiki. Wani lokaci a dace. Wani lokaci kuma mutum ya gwammace ƙasa ta tsage ya shige. Darasinmu na wannan fitowa domin dukan masu irin wannan tsayuwa ne: pastoci da masu bishara, shugabannin zumuntar mata da ta matasa, malaman makaranta, da waɗanda akan miƙa wa abin magana a wurin biki ko suna a ce su yi jawabi a madadin dangi. Bari in fara da kuskuren da ni kaina na tafka, gama ya koya mini abin da ban samu a aji ba.

Shekarun baya, wani tsohon abokin aikina, tun zamanin da muke koyarwa a makaranta ɗaya, ya gayyace ni walimar auren 'yarsa a unguwar Fezzan, cikin tsohon garin Maiduguri. Domin masu karatu da ba su san wurin ba, Fezzan tana cikin tsofaffin unguwannin Yerwa, garin da aka kafa a 1907 sa'ad da Shehu Abubakar Garbai ya mai da fadarsa can. Sunan kuwa na wani yanki ne a kudancin Libiya. Ɗaruruwan shekaru ayarin raƙuma suna tasowa daga Turabulus, su bi ta Murzuk da Bilma, su sauka Borno, fataken da suka zauna kuma suka bar wa unguwar sunan ƙasarsu. Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi kansa, wanda zuriyarsa ke sarautar Borno har wa yau, a can yankin Fezzan aka haife shi. Saboda haka tun asali unguwar mahaɗar mutane ce. A ƙarƙashin rumfa ɗaya za ka tarar da Barebari, da Shuwa, da Hausawa, da Fulani, da jikokin waɗancan fatake.

Muna zaune a ƙofar gida, an kawo burabusko, ana zagayawa da shayi, sai ga wani dattijo Bafulatani ya iso da sandarsa. Kafin ya yi sallama, baffan mai gida, Babarbare mai kusan shekara tamanin, ya ɗaga murya ya ce, "Ku matsa, ku matsa, ga bawana nan, yunwa ta koro shi daga daji." Dattijon bai ko ɗaga gira ba. Ya jingine sanda ya ce, "Na zo ne in ga yadda bayin gidanmu suke aurar da 'ya, tun da ba a ɗaurawa sai ubangida ya yarda." Wurin ya kaure da dariya. Suka zauna a tabarma guda, suka sa hannu a faranti guda, suna ci suna ta yi wa juna tsiya.

Da aka kira ni in yi magana a madadin tsofaffin abokan aiki, sai na ga ai hanya ta riga ta buɗe. Na gai da jama'a, na juya wajen dattijon nan na ce, tun da bawan gida ya ci ya ƙoshi, sai a ba shi tsintsiya ya share wurin. Ba wanda ya yi dariya. Dattijon ya dube ni, ya karkata ga na kusa da shi, na kuwa ga bakinsa yana tambaya ko wane ne wannan. Ban san yadda na ƙarasa jawabin ba. Bayan an watse, baffan mai gida ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ka yi magana mai kyau a kan yarinyar, Allah ya saka. Amma wancan wasan gado ne. Ni da shi kakanninmu suka bar mana. Kai ba ka da shara a kansa, shi ma ba shi da ita a kanka." Na je na durƙusa na ba dattijon haƙuri, ya ce, "Ba komai, ɗana." Amma na san da komai.

Ku lura, kalmar da ta sa taro dariya a bakin tsohon ita ce ta kashe taro a bakina. Ba kalmar ce ta canza ba, ba kuma jama'ar ba. Abin da ya bambanta mu shi ne izini. Shi yana da shi, ni ba ni da shi.

Wasan da kakanni suka bari

Irin wannan wasa ba a Borno kaɗai yake ba. Akwai shi tsakanin Kanawa da Zage-zagi, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarbawa, Fulani da Tibi. A cikin gida kuma akwai wasan jika da kaka, da na ƙanen miji da matar wa, da na taubasai, wato 'ya'yan mace da 'ya'yan namiji, waɗanda har kuɗin shara suke karɓa a hannun juna a watan cika-ciki. Masana sun daɗe da lura da shi. Wani Bature masanin al'adu, Radcliffe-Brown, ya yi rubutu a kansa a 1940, a 2014 kuma hukumar UNESCO ta sa wasan barkwanci na Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci a adana. Abin da ya fi ba ni mamaki game da na Barebari da Fulani shi ne, mutanen nan sun taɓa gwabzawa. A 1808 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Gazargamu, babban birnin Borno na lokacin, aka kuma yi ta musayar wasiƙu masu zafi tsakanin al-Kanemi da shugabannin Sakkwato. Ga shi yau jikokinsu suna kiran juna bawa a kan faranti ɗaya, ba mai ɓata rai. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa raha ba abin rainawa ba ce. Tana iya ɗaukar kayan da magana ta kai-tsaye ba za ta iya ɗauka ba.

To, amma me ya sa wasan ba ya zama faɗa? Dalili na fari, kowane ɓangare yana da damar ramawa nan take, ramuwar ma ita ce daɗin abin. Wanda aka zolaya bai zauna da ciwo a ciki ba, ya mayar, an yi kunnen doki, an tashi. Sai kuma cewa wasan yana tafe da haƙƙi. Wanda ya kira ka bawa a wurin biki shi ne zai fara zuwa gaisuwa in an yi maka rasuwa. Kowa a wurin ya san haka, shi ya sa ba wanda ya ɗauki kalmar a kan ma'anarta. Har a gidan makoki, a wurare da yawa na ƙasarmu, in tsoho tukuf ya rasu, jikoki sukan yi wasa, su kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa, a yi dariya cikin hawaye. Amma jikoki ne kaɗai. Baƙo ya gwada ya gani.

Yanzu sai mu dawo kan mai jawabi. Sa'ad da ka hau bagade ko dandamali, abin magana yana hannunka kai kaɗai. Wanda ka zolaya ba shi da bakin ramawa. Ba zai miƙe a tsakiyar sujada ya mayar maka ba, ba zai katse shugaban taro ba. Dole ya yi murmushin yaƙe yayin da mutum ɗari uku suke dubansa. Wato sharaɗin farko na wasan kakanni ya riga ya faɗi tun kafin ka buɗe baki. Zolaya daga kan dandamali dukan wanda aka ɗaure ne, ko da da sandar kara aka yi shi. Don haka kafin kowace raha mai jawabi ya tambayi kansa: wa zai biya kuɗin wannan dariya, ya kuwa yarda ya biya?

A nan zan ɗan taɓa mu masu wa'azi. Da yawa a cikinmu mun mai da matanmu abin buɗe jawabi. Girkinta, yawan maganarta, daɗewarta a gaban madubi. Tana zaune a layin gaba tana murmushi, sai mu ɗauka ta ji daɗi. A tambayi matan pastoci a taronsu na su kaɗai, a ji. Miji da mata suna da izinin wasa, gaskiya ne, amma izinin na cikin ɗaki ne, inda take da bakin ramawa. Haka nan zolayar tuzuru da budurwar da ta daɗe ba aure, da mai ƙiba, da gajere, da mai i'ina. Akwai kuma wadda muka fi sakaci da ita a nan Maiduguri, wato kwaikwayon Hausar wasu. Yawancin masu sauraronmu Hausa ba harshen uwarsu ba ne. Mutum ya zo daga Biu ko Gwoza ko Askira, yana fama da "ya" da "ta", sai mai jawabi ya kwaikwaye shi a yi dariya. Daga ranar ba zai ƙara yarda ya yi addu'a a fili ba. Wani zai ce ai Samanja ya yi shekaru yana karya Hausa irin ta bariki, duk Arewa tana dariya. Haka ne, amma marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, soja ne ya sa kaki da gaske, kuma ba Bahaushe ba ne, Banufe ne. Daga cikin gida yake wasan.

Inda izini yake samuwa

Mutum ɗaya ne a cikin taro wanda kake da cikakken izini a kansa, shi ne kai kanka. Mantuwarka, furfurarka, ranar da ka hau bagade ka tarar takardar wa'azin tana aljihun wata rigar. Raha a kan kai tana sauko da mai jawabi daga sama, jama'a su ga mutum ne kamarsu, sai kunne ya buɗe. A 1984 shugaban Amurka Ronald Reagan yana da shekara 73, ana ta cewa ya tsufa da mulki. Da aka yi masa tambayar a muhawara, sai ya juya ta, ya ce shi ba zai yi amfani da ƙuruciyar abokin takararsa da ƙarancin gogewarsa don neman ƙuri'a ba. Abokin takarar, Walter Mondale, shi kansa ya fashe da dariya. Wannan shi ne ma'auni mai kyau: in wanda maganar ta shafa ya yi dariya har cikinsa, an dace. Sai dai a yi hattara, mai yawan kushe kansa yakan gajiyar da mutane, wani lokaci ma yabon kai ne ya yafa mayafin tawali'u.

Bayan kai, sai abin da ya dame ku duka tare. Zafin Maiduguri a watan Afrilu, wutar lantarki da takan ɗauke daidai lokacin da mawaƙa suka ɗau amshi, taron da aka ce ƙarfe tara aka fara sha ɗaya. A nan ba wanda aka ware, kowa ya biya kaɗan, kowa ya samu riba. Amma ko a nan sai wanda yake ciki. Sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ranar 10 ga Satumba 2024, ruwa ya mamaye Gwange da Fori da wasu unguwanni, ya shiga fadar Shehu da Kasuwar Monday, ya kuma fasa gidan namun daji na Sanda Kyarimi, har aka ga jimina tana yawo a titi. Na ji mutanen da suka kwana a makarantu suna ba'a da labarin jiminar nan, suna dariya, dariyar kuwa magani ce a gare su. Baƙon da ya zo daga wani gari da motar kayan agaji, gidansa a bushe, in ya buɗe jawabi da jimina, zai ga fuskoki sun ɗaure. Sisero, shahararren mai jawabi na Rum, ya rubuta littafi a kan iya magana shekara 55 kafin haihuwar Almasihu, a ciki ya gargaɗi masu jawabi kada su yi wasa da babbar mugunta ko babban bala'i. A garin da tun 2009 ake binne mutane, inda kusan kowane benci akwai gwauruwa ko maraya ko wanda ya baro ƙauyensa da kayan jikinsa kaɗai, gargaɗin nan bai tsufa ba. Kada a yi raha da gudu, ko da harbi, ko da zaman sansani, sai ko su masu abin ne suka fara.

Ƙwarewa ma ba ta hana zamewa. Sanata Kashim Shettima, wanda ya yi gwamnan Borno daga 2011 zuwa 2019, ya kuma zama mataimakin shugaban ƙasa a 2023, sananne ne wajen iya sarrafa taro da raha. Duk da haka a 2022, gab da zaɓen fid da gwani na jam'iyyarsa, ya yi wata magana a talabijin da ta kwatanta mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, da wanda ya fi dacewa da sayar da gugguru da ayis-kirim. Bayan surutu ya yi yawa, ya fito ya nemi afuwa. Neman afuwar abin koyi ne. In raharka ta soki wani, kada ka ce ai wasa nake yi. Je ka ba da haƙuri, kamar yadda na je gaban dattijon nan.

Akwai kuma iyakar da ba a tsallakewa ko da wane dalili, wato addinin maƙwabci. Mu mazauna Maiduguri ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. A Satumba 2005 wata jarida a Denmak ta buga zane-zanen izgili ga Annabin Musulunci. Ranar Asabar 18 ga Fabrairu 2006 aka yi zanga-zanga a garin nan, ta rikiɗe ta zama tarzoma, aka ƙone majami'u da shaguna, aka kashe mutane da yawa, har da wani limamin Katolika. Ba abin da zai halatta kisan nan, alhakinsa yana wuyan waɗanda suka aikata. Amma waɗanda suka mutu ba su zana komai ba, ba su ma taɓa ganin jaridar ba. Izgilin da aka yi a wata nahiya, a nan aka biya kuɗinsa. Mu tuna kuma cewa bangon majami'a ba ya tsare magana. Lasifika tana kai ta gidajen maƙwabta, wayar da ke hannun yaron nan na layin baya kuma tana iya kai rabin minti na jawabinka Facebook da WhatsApp kafin a yi addu'ar rufewa, ba tare da abin da ka faɗa kafinsa ko bayansa ba.

Kada wani ya karanta wannan ya ce to gara a bar raha gaba ɗaya. Jawabin da ba walwala a cikinsa yana da nasa hatsarin, Aftikos na Taruwasa shaida ne, wanda barci ya kwashe a bakin taga sa'ad da Bulus ya tsawaita magana. Ubangijinmu ma ya koyar da hotunan da ba shakka sun sa masu ji murmushi. Ku duba Matiyu sura 7, mutumin da yake fama ya cire ɗan haki a idon wani alhali itace guda yana tokare a nasa, ko sura 23, masu tsantseni a kan ƙaramin ƙwaro amma raƙumi ya wuce ta maƙogwaronsu. Mai ji yakan yi dariya tukuna, can kuma ya gane da shi ake. Hausawa sun ce da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya. A fadar sarakuna ma wawan sarki yakan faɗi abin da waziri ba zai iya faɗa ba.

Wannan ya kawo mu ga aikin raha a cikin jawabi. Ba ado ba ce, 'yar aike ce. In ka cire labarin daga jawabinka ba abin da ya ragu, to ba na wurin ba ne, bar shi. Mun sha ji an fito taro ana maimaita labarin ban dariya, a tambayi mutum kan maganar, ya yi shiru. Sauran abin kuwa na gwaji ne. Kada ka yi shelar cewa za ka ba su dariya, gama ka ɗora wa kanka bashi. Kada ka riga su darawa. Ka taƙaita, ka ajiye kalmar da ke ɗauke da abin dariyar a ƙarshen jimla, ka ɗan dakata kafin ta, in sun yi dariya ka bari su gama. In ba su yi ba, wuce abinka, kada ka tsaya fassara. Ba lalle ne kuma raha ta zo a farko ba. Sau da yawa ta fi amfani a tsakiya, bayan an ɗora wa mutane magana mai nauyi, domin su numfasa kafin a ci gaba.

Inda ake aiki da tafinta, kamar yadda muke yi a majami'u da yawa tsakanin Hausa da Turanci, sai an ƙara kula. Wasan da ya dogara ga kamannin kalmomi ba ya haye kogin fassara, yakan nutse a tsakiya. Rabin taro ya yi dariya, rabi yana jira, da tafinta ya gama sai su dubi juna. Labarin abin da ya faru shi ne yake hayewa lafiya. Ka kuma gaya wa tafinta tun kafin a shiga, domin ya san inda zai ajiye kalmar ƙarshe.

Ga aikin da za a yi a ƙungiya bayan karanta darasin nan. Kowa ya kawo raha ɗaya da ya taɓa yi ko ya taɓa ji a gaban taro, ya faɗe ta yadda aka faɗa. Sauran su amsa: wa ya biya kuɗin dariyar, yana da bakin ramawa a lokacin, me labarin ya taimaka aka gane? Shugaban ƙungiya ya tabbata mata da matasa sun fara ba da amsa kafin dattawa, kuma kada a ambaci sunan mai jawabin da ba ya wurin.